Bangon Ɗakin Yaya Nasiru

Shekaranjiya maƙwabtanmu a nan Gummi suka kwaɓa laka za su yi wa katangarsu yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa na jiyo warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na leƙa, sai ga ɗiyata ta tsuguna a gefen kwaɓin ta cusa hannu har wuya. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na fizge ta, na kai ta bakin randa, na yi ta dirzar hannun da sabulu har ta fashe da kuka. Matar maƙwabcin namu tana tsaye tana kallona. Ta ce, "Haba Luba, ƙasa ta fa, ba wuta ba."

Na ba ta haƙuri. Amma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in ɗora tukunya in manta ban hura wuta ba. Shi ya sa na ɗauko biro, ko abin zai sauka daga ƙirjina ya koma kan takarda.

Bazarar da nake tunawa ita ce ta shekarar da na gama sakandare, muna 'Yargalma. Zafin shekarar ba na wasa ba ne. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kaji su laɓe a gindin randa baki buɗe. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai da aka ƙulla wa guga igiya ta biyu, abin da yake fitowa kuma ja ne, sai ya kwanta ake sha. Da an sallame sallar asuba ni ce a rijiya, sawu huɗu kafin rana ta ɗaga. Inna tana surfe. Rumbunmu ya yi ƙasa, in ta hau ta leƙa sai ta jima a can sama kafin ta sauko. Tuwo ya koma sau ɗaya, da magariba. Da rana kwaɗon zogale, ko fura wadda ruwanta ya fi gari yawa.

Gari kuwa ya cika da ƙarar injin niƙa, amma ba hatsi ake niƙawa ba. Maza suna ɗauko dutsen zinari daga daji a buhuna bisa babura, a farfasa, a niƙa, mata su ƙara dakawa a turmi cikin gida, sannan a kai garin bayan gari a wanke a fitar da zinarin. Baƙi sun zo daga nesa, wasu ko Hausarsu ba mu ganewa sosai. Kusan kowane gida a layinmu ya shiga harkar, ban da namu. Baba ya ce, "Dutsen ga ba shi shiga gidana. Wanda yab bar garma don shi, mu ga abin da za shi ci da kaka." Mutane suna ce masa mai taurin kai. Ko a jikinsa.

A wannan bazarar Yaya Nasiru ya dawo gida. Shi ne babba a ɗakinmu, kuma shi ne na farko a zuriyarmu da ya taka jami'a. Lissafi yake karantawa. Ya gama komai sai darasi guda da ya kayar da shi har sau biyu, wani kalkulas na abubuwa da yawa masu canzawa lokaci ɗaya. An ba shi dama ta ƙarshe, jarrabawa da damina. In ya ci, ya fito da digiri. In ya faɗi, shekarun nan duka sun tafi, ya dawo hannu rabbana. Ba shi da ɗaki a makaranta kuma, sai ya tattaro littattafansa ya dawo ya yi karatun a gida.

Na taɓa tambayarsa wane irin lissafi ne wannan da ya gagari mutum kamarsa, shi da yake yi mini aikin gida ko biro bai ɗauka ba.

Ya ce, "Ku a sakandare layi guda anka ba ku, ko shi hau ko shi sauka. Mu tudu gaba ɗaya anka ba mu. Ki tsaya ko'ina bisa tudun, in anka zuba ruwa wurin ƙahwarki, ina za su gangara? In kuma anka kife ƙwarya mai lanƙwasa bisa ƙasa, hatsi nawa za ta ruhe?"

Na ce, "A zuba ruwan mana a gani."

Ya ce, "Shi ya sa ke kin ci jarrabawarki, ni ina nan."

Matsalar ita ce takarda. Lissafi guda sai ya ci shafi uku. Littattafan rubutunsa suka cika, ya koma takardar buhun siminti, ita ma ta ƙare. Ya gwada zane a ƙasa da tsinke, kaji suka bi ta kai. Ya gwada bangon ɗakinsa da gawayi, amma tsohon yaɓe ne mai ciyawa da tsakuwa, gawayin sai ya dinga karyewa. Na ji shi yana ce wa Inna, "Da ina da allo irin na makaranta, in tsaya in ga abin duka gaba ɗaya, da na gane inda nika ɓata."

Maganar ta zauna mini a rai.

A bayan gari, inda ake wanke garin dutse, akwai kududdufi da lakar da ta rage take taruwa. Toka-toka ce, laushinta kamar kullun koko, ba tsakuwa ko ɗaya. Na ga mata biyu a layinmu sun yi daɓen ɗaki da ita, ƙasan har ƙyalli yake. Na san Baba ya hana dutse, amma na ce wa kaina ai wannan ba dutse ba ne, laka ce da aka zubar, ba ta da mai ita. Ranar da Baba da Yaya suka tafi sharar gona na ɗauki bokiti kamar za ni rijiya, na ciko shi, na rufe da ganye, na shigo ta zaure.

Na share bangon gabas na ɗakin Yaya, na yayyafa ruwa, na shafa lakar da tafin hannu tun daga inda hannuna yake kaiwa har gwiwa. Da ta fara sha na bi ta da bayan ƙoƙo ina gogewa, har ta yi santsi kamar allon ajinmu. Zafin ranar ya busar da ita kafin azahar.

Inna ta leƙo ta shafa. "Ina kis samo wagga laka?"

"Bakin tafki, Inna."

"Tafkin da yab bushe tun watan jiya?"

"Can ƙasa nai, an tona."

Ta dube ni, ta dubi bangon, ta koma wurin tukunyarta.

Da Yaya ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa. Ya ɗauki gawayi ya ja layi guda daga wannan gefe zuwa wancan, layin ya fita baƙi ƙirin, bai yanke ba. Ya ce, "Luba, ashe injiniya muka da shi a gida muna wahala." Ranar ko abinci sai da aka kira shi sau uku.

Sati uku da suka biyo baya ban taɓa ganin Yaya haka ba. Da sassafe gona, shi da Baba, sassabe da ƙona kara da kai taki. Rana na take tsaka ya dawo, ya watsa ruwa rabin buta, ya shige ɗaki ya saki labule saboda ƙuda, ba ya fitowa sai sallah. Bangon ya cika da tuddai da kwaruruka, da wani abu mai kama da sirdin doki, da kibiyoyi ƙanana suna nuna inda gangara take. In ya gama guda ya share da busasshen tsumma, farar ƙura ta tashi ta tsaya a hasken da ke shigowa ta taga. In kuskuren ƙarami ne sai ya lashi babban yatsa ya goge, ya sake lasa ya sake gogewa. Haka zan miƙa masa fura ya karɓa da hannu fari fat, ya sha a tsaye idonsa na kan bango. Can sama ya jera ƙa'idodin da ya haɗa, ya ce kada in taɓa. Ƙasan kuwa kan yi baƙi da gawayi, don haka kowace Juma'a in maza sun tafi masallaci sai in ɗebo sabuwar laka in sake shafawa.

Wata rana ya ƙwala mini kira. Na zo da hannu duk kullu.

"Zo ki gani. Ya hito."

"Mi yah hito?"

"Abin da yak kashe ni sau biyu."

Ya share, ya rufe littafin, ya sake yi daga farko har ƙarshe ina tsaye. Ya sake sharewa ya yi na uku da wasu lambobi. Ban gane komai ba, amma na ga hannunsa bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ya ce, "Gaya wa Inna ta hwara neman zanen da za ta ɗaura ranar bikin yaye mu."

A cikin kwanakin nan ne yaran gari suka fara faɗuwa. Yaro yana wasa da safe, da rana jijjiga ta kama shi, ido ya kafe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau ne saboda zafi. Inna ta kai ga ba ta cire mayafi, daga wannan gidan gaisuwa sai wancan. Mu ba mu da ƙaramin yaro a gida, ni ce auta, sai muka ɗauka abin ya tsallake mu.

Sai Yaya ya fara riƙe ciki. Bayan gida ya ɗaure masa, kai yana sara, ya ce bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Inna ta ce rana ce da yunwa, ta jiƙa masa tsamiya. Baba ya ce karatu ne ya yi yawa. Ni kuwa da nake kai masa fura, na ga abin da ba su gani ba. Zai fara lissafi daga sama, ya kai tsakiya, sai ya tsaya. Ya koma farko, ya sake zuwa daidai wurin, ya sake tsayawa, kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Sau biyu na ga gawayi ya suɓuce daga yatsunsa. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya daka mini tsawa don na motsa labule.

Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo garin. Aka tara mu mata a wani gida, wata ma'aikaciya ta tsaya ta yi bayani a hankali. Ta ce gubar dalma ce. Tana cikin dutsen, tana cikin garinsa, tana cikin lakar da ake zubarwa bayan wanki, ita ma ƙasar da garin ya zuba a kai ta ɗauka. Ta hanci da baki take shiga. Yara ta fi kashewa, amma manya ma tana taɓa su: ciwon ciki, ciwon kai, mantuwa, mutuwar hannu.

Inna ta matso ta raɗa mini, "Alhamdu lillahi. Taurin kan babanku ya yi rana."

Na ce, "I, Inna." Hankalina kuwa yana can kan bangon ɗakin Yaya.

Kwana shida ban faɗa wa kowa ba. A cikinsu ruwan farko ya sauka, da iska mai ƙarfi da ta yaye rufin akurkin kaji. Gari ya waye da sanyi da ƙamshin ƙasa, kowa ya fita shuka. Baba yana gaba yana sara, ni da Yaya muna bi muna zuba gero muna rufewa da diddige. Kowace shekara ranar nan ce na fi so. Wannan karon ina zuba iri ina satar kallon Yaya, yana tafe yana dafe ciki, yana tsallake rami bai sani ba, ina komawa ina cike masa.

Na gwada dabaru. Na ce ya koma gindin darbejiya tunda an sami sanyi, ya ce ina allon a can? Na bi bangon da jiƙaƙƙen tsumma yana gona, ya dawo ya yi faɗa na ɓata masa aiki. Ranar Juma'a ban shafa sabuwa ba, ya ce, "Injiniya ta yi yaji?" Saura wata guda jarrabawa. In na yi magana, zan raba shi da bangon da ya buɗe masa kai, kuma Baba zai san na shigo da abin da ya hana. In na yi shiru, yana can yana lasar yatsa. In na ji ƙarar gawayi a bango sai in fita waje, in na fita kuma in kasa tsayawa in dawo.

Rana ta bakwai masu auna ƙasa suka iso layinmu. Gida-gida suke bi da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, a ɗora bakinta a ƙasa ta nuna lamba. Inda gubar ta yi yawa sai a kankare ƙasar a zuba sabuwa. Wanda yake riƙe da na'urar mutumin Anka ne, mai fara'a. Ya auna zaure, ya auna tsakar gida, ya auna gindin turmi da bakin murhu. Ya ce wa Baba, "Malam, gidanka ya hi na kowa lahiya a layin ga. Ba ku taɓa dutse ba ko?"

Baba ya gyara tsayuwa. "Ko tsakuwa nai ba ta shigo ba."

Mutumin ya rataya na'urarsa. Har sun kai bakin zaure. Ina tsaye a jikin rumbu.

Na ce, "Ku auna bangon ɗakin Yaya."

Na sake faɗa da ƙarfi. Kowa ya juyo. Yaya ya ce, "Bango kuma?"

Mutumin ya shiga, ya ɗora na'urar a jikin wani tudu da Yaya ya zana. Ya duba. Ya matsa gefe ya sake ɗorawa. Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce kowa ya fita daga ɗakin, ya tambaya wa yake kwana a ciki, tun yaushe.

Nan a tsakar gida na faɗi komai, bokitin da ganyen da kududdufin. Baba bai doke ni ba. Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Sau nawa?"

"Kowace Juma'a."

Ya juya ya shiga zaure. Inna ta ce, "Tafki," ba ta ƙara ba. Yaya yana kallon babban yatsansa.

Sun ce washegari za a kankare. Na roƙa aka bar ni in kwafe abin da ke sama, na ɗaura jiƙaƙƙen ɗankwali a hanci, na zauna da tsohon littafina na sakandare mai sauran shafuka. Yaya yana bakin ƙofa yana gaya mini inda zan fara. Na kwafe kamar mai zanen lalle, ban san me nake rubutawa ba. Da safe aka zo da shebur da buhuna, kafin hantsi bangon ya koma jan tubali. Magani kuwa aka ce yara ƙanana ake fara ba wa, su ne a bakin mutuwa. Shi babba ne, ya nisanci ƙurar, ya dinga wanke hannu, ya ci abinci mai kyau. A watan da Inna take share gindin rumbu da tafin hannu.

Sauran kwanakin a gindin darbejiya ya yi su, da littafina a cinya, tsakanin noman farko da maimai. Ciwon cikin ya lafa. Tsayawar nan a tsakiyar lissafi ba ta lafa ba. Ranar tafiya an kwana ana ruwa, hanya ta yi caɓi, mai babur ya ce sai dai su tura a wasu wuraren. Baba ya yi masa addu'a a zaure. Ni daga cikin gida na ce Allah ya ba da sa'a, ban iya fitowa ba.

Sai bayan an yanke gero sakamako ya fito. Bai ci ba. Ya dawo da katifarsa a naɗe a bayan babur, ya gaida kowa, ya tambayi buhu nawa aka samu. Ba wanda ya ambaci bango, ranar ko bayanta. Baba ya koma yi mini magana da kaka, har ya rasu bai tayar da zancen ba. Yaya yana koyarwa a wata firamare a Adabka yanzu, yana da mata da yara biyu.

Jiya ya shigo Gummi sayen taki, ya biyo ta gidana. Na kawo masa ruwa, ya karɓa da hagu kamar yadda yake yi tun shekarar. Ya dube ni ya ce na rame, ko maigidan ya daina cefane ne? Sai na ji bakina ya riga ni.

"Yaya, bangon na yak kayar da kai?"

Ya ajiye kofin. "Shekara nawa kina ɗauke da wagga tambaya?"

"Ka dai gaya mani."

"Sau biyu na hwaɗi darasin ga tun ba ki taɓa laka ba, Luba. A lissahin da munka yi, in kina son ki san abin da abu guda yay yi, sai ki tsai da sauran duka, shi kaɗai shi motsa. Tau tsai da mani yunwa. Tsai da rana, tsai da noma, tsai da tsoron da nika kwana da shi. Sannan in gaya miki rabon bango."

"Ba a iyawa."

"Tau kin gani."

Ya so ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "Amma ina tsaye ka yi shi sau ukku, littahi ruhe. Ka gane shi, Yaya. Na gani da idona."

Ya juya kofin a kan tabarma. A waje wani yana tallan mangwaro, ya zo ya wuce, muryarsa ta yi nisa.

"I," ya ce. "Na gane shi. Sati ukku."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce hadari yana haɗuwa ta gabas, gara ya kama hanya tun ba ta lalace ba. Na raka shi zaure. Ya ɗaure buhun takin, ya hau babur, ya sa hannun hagu ya ɗago na dama ya ɗora shi a kan totur, ya gyara yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tayar.